Waƙar Hip-hop da Filin Dura

Karatu: Daniyel 3:1-18

Wataƙila ka daɗe kana waƙar hip-hop. Kuɗinka yana ƙarewa a sitidiyo, iyaye suna cewa ka nemi aiki, a majami'a kuma ana yi maka kallon wanda ya ja da baya. Ka ci gaba ne, ko ka bari?

Kada kowa ya ruɗe ka cewa kiɗan kansa zunubi ne. Garayar Dawuda ta kawo wa Sarki Saul sauƙi daga mugun ruhu. Lecrae, mawaƙin hip-hop na Amurka, da waƙoƙin bishara ya ci kyautar Grammy a 2013.

Amma a filin Dura, kiɗa ne ya zama alamar yi wa gunkin zinariya sujada. Shadrak, Meshak da Abednego ba su yi faɗa da makaɗa ba, durƙusawa suka ƙi. Naka filin zai zo ran da mai ɗaukar nauyinka ya ce ka cire sunan Yesu, ka zuba batsa da yabon giya domin waƙar ta sayu. Wanda bai yanke shawara a ɗakinsa ba, da wuya ya yanke ta kwantiragi yana gabansa, mai gida kuma yana jiran kuɗin haya.

Ɗauki takarda yau, ka rubuta abin da bakinka ba zai taɓa rerawa ba, ka kai wa fasto ku yi addu'a. In sana'ar za ta rayu a haka, ci gaba, ko da kana wani aiki da rana. In sai ka durƙusa za ta ci da kai, ajiye ta.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka tsare bakina a gaban masu kuɗi, cikin sunan Yesu. Amin.