Tuna Baya A Wayar Hannu, Izina Ce Kafin Ranar Buɗe Littafi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Maganarmu ta wannan mako a kan wata al'ada ce da ta shigo mana ta hanyar wayar hannu. Tun cikin shekarar 2015 kamfanin Facebook ya ƙago wata dabara, watau idan gari ya waye sai manhajarsa ta ɗauko wa mutum abin da ya rubuta ko hoton da ya sa a rana irin ta yau, bara ko shekaru goma da suka wuce, ta ajiye masa a gabansa. Duk wanda ya ratsa kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, ko majalisun samari a Gyadi-Gyadi, ya san yadda ake miƙa wa juna waya ana dariya, ana cewa dubi wane a da.

To, wannan abu ba haramun ba ne a kan kansa, amma akwai izina a cikinsa. Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanar da mu a Suratu Ƙaf, aya ta 18, cewa duk kalmar da bawa ya furta akwai mai tsaro a shirye yana rubutawa. A Suratul Kahfi kuwa, aya ta 49, Ya ba da labarin ranar da za a ajiye littafi, masu laifi su firgita domin bai ƙyale ƙarami ko babba ba. Idan na'urar da ɗan Adam ya ƙera tana iya dawo maka da zancen da ka manta, ina ga rubutun mala'iku? Bambancin kawai shi ne, yau kana da damar gyara, ran nan kuwa alƙalami ya bushe.

Abin da waya kan dawo da shi iri uku ne, kowanne da abin da ya wajaba a kansa.

Na farko ni'ima ce, kamar hoton ɗaurin aure, ko suna, ko saukar karatu, ko ranar da aka sallamo ka daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano bayan doguwar jinya. Haƙƙin wannan shi ne godiya ga Allah, ba alfahari ba, ba kuwa tsokanar idon wanda bai samu ba.

Na biyu zunubi ne, kuma a nan haɗarin yake. Mutum ya ga zagin da ya yi wa wani lokacin zaɓen 2019, ko ƙazafi, ko hoton wata yarinya wadda yanzu tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, sai ya sake yaɗawa wai don raha. Imamu Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah ya fitar da masu bayyana saɓo daga cikin waɗanda ake yi wa rangwame, ya kuwa ba da misali da mutumin da Allah Ya rufa wa asiri da dare, da safe ya tone kansa. Wanda ya sake yaɗa tsohon laifi ya sabunta shi, ya tayar da gabar da ta kwanta, wata sa'a har ya girgiza auren da ba ruwansa. Abin yi shi ne a goge. Amma a sani, gogewa daga waya ba ta goge littafin mala'iku. Tuba ce ke yin wannan, da sharuɗɗanta: nadama, da dainawa, da ƙudurin ba za a koma ba. In kuwa akwai haƙƙin wani, sai a nemi gafararsa tun yana raye.

Na uku mamaci ne. Mutanen Kano ba su manta da watan Afrilu na 2020 ba, sa'ad da aka yi ta rashin dattawa da manyan malamai a jere. Da yawa daga cikin waɗanda ke kwance yau a maƙabartar Tarauni da ta Gyadi-Gyadi, hotunansu suna nan suna ɓullowa a wayoyin 'ya'yansu da abokansu. Hawaye ba laifi ba ne, Annabi ma ya zubar da su ran rasuwar ɗansa Ibrahimu. Sai dai mamaci ba ya amfana da yawan masu danna alamar so a ƙarƙashin hotonsa. Abin da ke isa gare shi, kamar yadda Muslim ya ruwaito, shi ne sadaka mai gudana, da ilmin da ake amfana da shi, da addu'ar ɗa nagari. A biya masa bashi, a sada zumuncinsa, a kame baki daga aibata shi. Wanda kuwa ganin hoton ke tayar masa da ciwo, manhajar tana da wurin ɓoye wata rana ko wani mutum, kuma yin haka ba yanke ƙauna ba ne.

A ƙarshe, ɗan'uwa, abin da ka rubuta yau shi za a dawo maka da shi baɗi, ko a dawo wa magadanka da shi bayan ranka. Kafin ka danna, tambayi kanka: zan so in karanta wannan a gaban Ubangijina? Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu littafinmu a hannun dama, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.