Ai Duk Sha Biyar Ce

Akwai maganar da ake yawan ji a bakin masu sayar da taya, musamman inda ake jibge 'yan Beljiyam. Mutum ya zo neman lambar da ke jikin motarsa, an duba babu, sai a mirgino masa wata a ce: "Alhaji, ai duk sha biyar ce, za ta hau." Kuma gaskiya ne, za ta hau. Wani ma da kansa yake neman wadda ta fi tasa tsayi, don cikin motar ya daina gogar ƙasa. Ban ga laifinsa ba, duk wanda ya taɓa fasa ƙasan inji a kan dutse baƙin mai ya tsiyaye ya san dalili. Abin da ke damuna shi ne akwai wani ma'aikaci a cikin motar da ba a yi shawara da shi ba, alhali wata rana rayukan mutanen ciki suna hannunsa.

Ina nufin na'urar hana mota ƙwacewa. Toyota na kiranta VSC, Honda VSA, BMW DSC, Mercedes da Peugeot kuma ESP, amma aikin ɗaya ne. Kamfanonin Bosch da Mercedes ne suka fito da ita a Jamus a 1995, a cikin motar manya mai tsadar gaske. Wani abin kunya ne ya sauko da ita ga kowa. A watan Oktoba na 1997, 'yan jaridar wata mujallar motoci a Suwidin suka gwada sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class da irin kaucewar da direba ke yi idan dabba ta faɗo masa titi: ya karya sitiyari gefe, ya sake karyowa ya dawo hannunsa. Motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayar da ita, ya yi mata gyara, ya saka wa kowace ɗaya na'urar. Amurka ta wajabta ta a kan ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Binciken cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ya nuna tana rage haɗarin da mota ke yi ita kaɗai har a rasa rai da kusan rabi. Yawancin motocin da ake shigo mana da su ta Kwatano da Legas daga can suke, to da yawansu suna ɗauke da ita, ko mai motar ya sani ko bai sani ba.

Na'urar ba ta da ido. Ba ta ganin kwalta, ba ta ganin saniyar da ta tsallako. Tambaya biyu kawai take yi, sau da dama a kowace daƙiƙa: ina direba yake son zuwa, ina kuma motar take tafiya? Amsar farko tana samunta daga ma'aunin da ke jikin sandar sitiyari. Ta biyu kuma daga wani ɗan akwati a tsakiyar motar, mai jin yadda take juyawa da yadda ake fizgarta gefe. Idan amsoshin suka saɓa, sai ta sa hannu. A ce ka karya hagu, gaban motar ya ƙi bi, ya miƙe zai bar titi: sai ta matse birkin tayar baya ta hagu ita kaɗai, hancin motar ya juyo. Idan kuwa bayan ne ya zame yana neman ya riga gaba, sai ta kama tayar gaba ta dama, ta kuma rage wa inji wuta. Komai gwanintar direba ba zai iya wannan ba, domin ƙafarsa birki ɗaya take takawa, tayoyi huɗu su kama tare.

Duk lissafin nan a kan gudu aka gina shi, gudun kuwa ƙirga shi take yi. A bayan kowace taya akwai zobe mai haƙora da ɗan ma'auni mai ƙirga wucewarsu. Na'urar ta san juyi nawa taya ta yi, amma tsawon ƙasar da juyi ɗaya ke ci, wannan tun daga masana'anta aka faɗa mata, ta kuma yarda. Kamar mai awo ne da aka sauya wa mudu bai sani ba: ƙirgensa daidai, hatsin da ke buhu kuwa ba shi ke nan ba.

Mu ɗauki tayar da Corolla da yawa ke ɗauka, 195/65 R15. Faɗinta milimita 195, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, ƙarfen tsakiya inci 15. Tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 635. Ita kuwa 205/70 R15, wadda ita ma sha biyar ce, tsayinta 668. Ta farko tana juyi wajen 502 a kilomita ɗaya, ta biyu wajen 477. Idan huɗun aka sauya, agogon mota zai nuna 100 alhali ana kan 105, na'urar kuma tana yi wa motar lissafin gudun da ba shi take yi ba. Ga nauyin motar ya ƙara hawa sama, ga gefen tayar ya ƙara tsayi yana lanƙwasa a kwana. Ɗagawar da aka yi duk wannan dominta kuwa rabin bambancin ce, ba ta kai santimita 2 ba. Shi ya sa masana taya ke cewa kada sauyin ya wuce kashi 3 cikin 100.

Wanda ya fi muni shi ne gauraye, kuma shi ya fi yawa a wurinmu, tunda ɗaya-ɗaya aljihu ke bari a saya. Ƙarama a hagu, babba a dama: ta hagu za ta riƙa fin 'yar'uwarta juyi 25 a kowane kilomita. A wurin na'urar, wannan alamar kwana ce ko santsi, domin a kwana ne tayar waje ke fin ta ciki gudu. Amma sitiyari ya ce a miƙe ake, akwatin tsakiya ma ya ce ba a juya ba. Ƙaramin bambanci takan saba da shi. Idan ya yi yawa, ko dai ta riƙa taɓa birki ba gaira ba dalili, ko ta kashe kanta, ta kunna 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai hoton mota da layuka biyu a karkace. Fitilar idan tana ƙiftawa, aiki take yi. Idan ta tsaya a kunne, na'urar ce take gaya maka ta janye hannunta. A nan ne ake yin abin da ya fi ɓata min rai: a je wurin mai wayarin, ya cire ƙwan fitilar ko ya liƙe ta da baƙin salatif, a ce an gyara. Mai motar ya ɗebi iyalinsa ya hau hanyar Zariya da damina, yana zaton akwai mai tare masa.

Ko da lambobin sun yi daidai, na'urar ba ta ƙirƙirar riƙo. Abin da ke taɓa kwalta a kowace taya bai fi tafin hannu ba, da shi kaɗai take aiki. Tayar da zanenta ya cinye, ko ta tsufa ta bushe, ba abin da birki zai kama. Shekarunta na rubuce a gefenta da lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Iska ma tana cikin lissafin, domin tayar da ta yi sanyi tana gajarta, ta riƙa juyi fiye da sauran.

Lambar da motarka ke buƙata, da yawan iskar da za a ba ta, yawanci suna kan wata takarda a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Ka karanta ta kafin ka je wurin mai taya, ka faɗa masa lambobin ukun duka. Idan kuɗin biyu kawai gare ka, ka sayi iri ɗaya, a ɗaura su a baya, ko da motar da gaba take ja, domin gaban da ya zame direba na iya jinsa a hannu ya sassauta, amma baya idan ya tafi da wuya a dawo da shi.