Nasiha Ga Matasa: Kai Iyali Bakin Teku Da Damina

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai sama da ƙasa da tekuna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa na Kongolam da Mai'adua da sauran ƙasar Daura, kun san yadda zamani ya juya. A da mutum ci-rani yake tafiya, da hadari ya haɗu ya komo gona. Yanzu da yawanku sun bi dabbobi da kayan gwari zuwa Ikko, sun zauna Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, sun ɗauko matansu da 'ya'yansu. Wasu ma suna Kwatano, wasu Nima ta Ankara. To, ranar hutu ko bayan salla sai yara su ce a kai su ganin teku. Mene ne hukuncin wannan, kuma me ya wajaba a kan mai gida?

Da farko, fita da iyali halal ce

Kada wani ya ce maka shan iska da iyali sakarci ne. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha, kuma ya nuna cewa mafi alherin mutane shi ne mafi kyautata wa iyalinsa. Matar da ka ajiye a ɗaki ɗaya, ruwa yana zuba dare da rana, ba uwa kusa ba dangi, tana da haƙƙin ka fitar da ita ta sarara.

Kuma teku aya ce. Ruwa ya rufe kusan kashi 71 cikin ɗari na bayan ƙasa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Sau biyu a kwana ɗaya yake cikowa ya janye, saboda jan da wata yake yi masa da ikon Allah. Nuna wa ɗanka ƙaguwa tana haƙa rami, da masunta suna jan koma. Ka gaya masa wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa daga teku ya fito, mafi yawansa daga tsibiran Maldib. Wannan karatu ne. In lokacin salla ya yi, ba uzuri: hadisi ya tabbata a Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne. Yi alwala da shi, ka ja iyalinka salla a kan rairayi.

Na biyu, teku ba kududdufi ba ce

Nan ne gizo yake saƙa. Mu mutanen tudu ne. Iyon da ka koya a kududdufin bayan gari ba shi ne iyon teku ba. Daminar can ma ba irin tamu ba ce: ruwan da yake sauka a Ikko a shekara ya ninka na Daura fiye da sau biyu, ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. A tsakiyar damina iska takan tsananta, igiyar ruwa ta yi tsawo. Lafawar ruwan sama kuwa ba lafawar teku ba ce. A Agusta 2012 teku ta yi tumbatsa a bakin ruwan Kuramo da ke Ikko, ta tafi da mutane fiye da goma. Bar Beach da iyayenmu suke ba da labari, shekara da shekaru teku tana cinsa, har aka cike wurin da yashi aka fara gina Eko Atlantic.

Akwai kuma abin da yake yaudarar baƙo. Ruwan da igiya ta turo gaɓa sai ya nemi hanyar komawa, sai ya taru a wata siririyar hanya yana gudu zuwa ciki. Wurin yakan yi lumui kamar ba komai, alhali nan ne halaka. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawa da shi ya nufi gaɓa kai tsaye, zai gaji ya nutse. Ya kwantar da hankali, ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga hanyar. Kai da ba ka iya ba, kada ka faɗa ceto. Jefa masa igiya ko jarka marar komai, ka yi kururuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 suka mutu ta nutsewa a shekarar 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa. Shiru ake yi, kai kana can kana kallon waya.

Na uku, kai ne makiyayi

Wani zai ce, ai wanda ruwa ya ci shahidi ne, kuma in kwana ya ƙare ba makawa. Gaskiya ne hadisi ya zo da haka. Amma Suratul Baƙara ta hana mu jefa kawunanmu cikin halaka, kuma Annabi ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Sakaci ba tawakkali ba ne. Za a tambaye ka abin da aka ba ka kiwo.

Saboda haka riƙe waɗannan. Tambayi masunta da masu tsaron wurin kafin kowa ya taɓa ruwa. Ƙaramin yaro kada ya wuce inda hannunka zai kai. In hadari ya taso ko aka yi tsawa, ku bar fili. Kada ku shiga kwale-kwale, kamar na zuwa Tarkwa Bay, ba rigar kariya. Ku komo kafin magariba.

Tsaron addini ma yana wuyanka. Zaɓi lokaci da gefen da babu giya da tsiraici, ka rufe tsakanin cibiya da gwiwa, ka runtse ido. Za ka ga masu zuba wa ruwa hadaya don wata uwar ruwa. Kada ka zagi kowa, amma ka koya wa ɗanka cewa teku baiwar Allah ce, ba ta amfani ba ta cutarwa sai da izninSa, kuma laya ba ta hana nutsewa.

A ƙarshe, kada kuɗin yawo ya cinye na takin da tsoho yake jira a gida. Aika masa tukuna. Ku da kuke gida kuma, tafkuna da kududdufai sun cika, ku sa ido a kan ƙannenku.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu a tudu da ruwa, Ya ba mu damina mai albarka. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.