Yaushe Ne Na'ura Take Mutuwa?

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Katako ta birnin Yamai ya san cewa a wurin maƙeri ƙarfe ba ya mutuwa. Tsohuwar ganga tana komawa akwati ko murhu, tarkacen sanholo a narka shi a zuba tukunya. Maƙeri ba ya tambayar me aka yi abu dominsa tun asali, abin da yake dubawa shi ne me ya rage a jikinsa. Ko za a iya yi wa tsohuwar uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana rarraba wa sauran, irin wannan kallo?

Akwai tsufa iri biyu. Na farko shi ne na lalacewa: faifai ya gaji, fanka ta tsaya, ƙura da zafin watan Afrilu sun ci ƙarfinta. Na biyu kuwa hukunci ne da ake yankewa daga nesa. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, kuma na'urori masu yawa da ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba suka shiga sahun tsofaffi, alhali babu abin da ya karye a cikinsu. Mutum ya kwana da lafiyayyen jakinsa, ya wayi gari an ce masa jakin ya mutu, ga shi kuwa yana tsaye yana cin harawa.

Ƙarancin ƙarfi ba hujja ba ce. Uwar garken farko ta yanar gizo, wadda Tim Berners-Lee ya kunna a cibiyar CERN a 1990, ko kusa ba ta kai ƙarfin wayar salula mafi araha ta yau ba. Tsohuwar na'ura da aka saka wa Linux da manhajar Kiwix tana iya ɗauke Wikipedia ta Faransanci da ta Hausa, ta rarraba wa ɗalibai ba tare da intanet ba. A kan wannan dabara aka gina shirin Afripédia a 2012, domin jami'o'in ƙasashen Afrika masu amfani da Faransanci. Ƙungiyar al'adu ma tana iya adana muryoyin tsofaffi da hotunan rubuce-rubucen ajami a cikinta, muddin ta ajiye kwafi na biyu a wani wuri, domin amana ba a damƙa ta ga tsohon faifai shi kaɗai.

Sai dai tattali ma yana iya zama almubazzaranci. Na'urar da ke jan wat 200 dare da rana tana shanye fiye da kilowat-awa 1,700 a shekara, ƙaramar Raspberry Pi kuwa tana yin aikin ɗakin karatu da wat da bai kai goma ba. A makarantar da ta dogara da faranti ɗaya ko biyu na hasken rana, riƙe babbar tsohuwa don kawai tana motsi zalunci ne ga fitilar aji. Wanda ya ga yadda aka yi fama bayan Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agusta 2023 ba ya bukatar dogon bayani. Shi ya sa tsohuwar da ta cancanci rayuwa ta biyu ita ce mai ƙaramin ci, ba mai girman jiki ba.

Wuri mafi nauyi shi ne batun kyauta. Duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Yarjejeniyar Bamako ta 1991 ta haramta shigo da shara mai guba Afrika, amma shara ta iya sauya riga, ta zo da sunan taimako. Unguwar Agbogbloshie ta birnin Akara, inda samari, da yawansu daga arewacin Gana, suke ƙona wayoyi don fitar da jan ƙarfe kafin a rushe wurin a 2021, ta nuna inda irin wannan alheri yake ƙarewa. Mai bayarwa ya sauke nauyi, ya samu godiya da hoto. Mai karɓa ya gaji dalma da hayaƙi. Abin da ke raba sadaka da juji ba shekarun na'ura ba ne. Tambaya ce mai sauƙi: an kunna ta an gwada kafin a ɗaure ta? Akwai wanda aka koya wa gyaranta? In ta mutu, wa zai ɗauke gawar?

A nan malamin makaranta yake da abin cewa. Na'urar da ta gaza kowane aiki tana da saura guda: a kwance ta a gaban ɗalibai, yaro ya riƙe ƙwaƙwalwarta a tafin hannu, ya mayar da ita gurbinta, ya ga ko za ta tashi. Sabuwa, mai garanti da hatimi a kan noti, ba wanda zai yarda a yi mata haka.