Ragowar Kuɗin Cefane: Ta Uwargida Ce Ko Ta Maigida?

Kwanakin baya muna zaune bayan an tashi daga Islamiyya, muna jiran rana ta ɗan yi sanyi, sai wata baiwar Allah ta jefo mana tambaya. Ta ce maigidanta yakan ba ta kuɗin cefanen mako ran Asabar, ita kuma da dabara irin tamu ta mata takan rage ɗan abin da ba a rasa ba, tana zubin adashi da shi. Shekara biyu ke nan bai sani ba. Shin halal take ci? Nan take wuri ya kaure. Wata ta ce ai guminki ne, wa zai hana ki? Wata ta ce a'a, amana aka ba ki. Har muka watse ba a tsaya a kan magana ɗaya ba, ni kuwa abin ya bi ni har gida, domin na san da wuya a samu matar auren da ba ta taɓa ƙulle canjin cefane a bakin zane ba.

Kafin a ce halal ko haram, ina ganin sai an fara tambayar daga ina ragowar ta fito. Tun da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowa ya ji a jikinsa. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya ɗaga da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara guda, wato abin da naira 1,000 ta saya miki bara sai kin ba da wajen 1,400. A gidaje da yawa kuɗin cefane bai bi sawun kasuwa ba. To idan a irin wannan hali mace ta ciyar da gida kwana bakwai har wani abu ya ragu, dole akwai inda ya fito.

Wata ragowar daga kai take fitowa. Uwargidan da ta san abin da za ta ɗora daga Asabar zuwa Juma'a ba za ta dinga aiken yaro sayen ƙullin mai da ƙullin gishiri sau uku a rana ba, domin sayen ƙulli shi ne rami mafi zurfi da kuɗin talaka ke faɗawa, ana ganin kaɗan-kaɗan ne alhali a dunƙule ya fi tsada. Ta san hatsi da wake sun fi sauƙi da kaka, don haka ita da maƙwabta biyu ko uku sukan haɗa kuɗi a sayo musu buhu, in 'yan Kano ne daga Dawanau, su raba da tiya. Ta san tumatir yana arha lokacin da na noman rani ya cika kasuwa irin 'Yankaba, da damina kuwa sai mai hali, sai ta yanka ta shanya kauɗa tun yana banza. Kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi da daddawa ba sa yanke mata. Ranar da babu nama akwai wake, akwai awara, akwai ƙuliƙuli a kwaɗon zogale ko rama, kuma masana abinci sun tabbatar cewa haɗa hatsi da wake, kamar yadda muke yi a garau-garau, yana gina jiki fiye da cin hatsin shi kaɗai. Takan jiƙa wake tun dare don kada ya cinye mata gawayi. Tuwon dare ta yi shi da ɗan yawa ya zama ɗumamen safe, an huta da kuɗin burodi. Ƙanzo ma ba ya zuwa bola.

Na taɓa jin wata tana cewa irin wannan lissafi rashin tawakkali ne, wai bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Haka ne, amma ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara, kuma aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi bayin Allah da suke tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro. Don haka wannan magana ba ta da ƙafa, mu wuce.

Wata ragowar kuwa daga cikin yara take fitowa. Kwanon maigida ya sha mai da tsoka biyu don kada ya gane, na yara kuma miya tsululu, a ce musu su sha ruwa su kwanta. Wannan ba tattali ba ne ko da me za a yi da kuɗin, balle a ce anko za a yi. Akwai kuma wadda take fitowa daga harshe: mudu ya sauko amma a gida ana faɗin farashin makon jiya. Waɗannan biyun ba sai an je wurin malam ba, zuciyar mai yi ma ta san hukuncinsu. Sai wata da ba a cika magana a kanta ba, wadda uwar take ragewa daga cikinta, ta ce ta ƙoshi alhali ba ta ci ba, wataƙila ma tana shayarwa. 'Yar uwa, cinki yana cikin abin da aka wajabta wa mijinki, ba alfarma ba ce. Ranar da kika kwanta, kuɗin magani zai ninka abin da kika tara.

To mu dawo kan ta farkon, wadda babu ha'inci a cikinta, kowa ya ci ya ƙoshi. A nan ne maganar take da wuya. Malamai sun bambanta tsakanin kuɗin da miji ya mallaka wa mace a matsayin nata, da wanda ya damƙa mata don ta saya wa gida abu. Na farko nata ne, ta yi yadda ta so. Na biyu kuwa wakiliya ce, kuma abin da ya ragu a hannun wakili na mai dukiya ne, sai in ya yafe, ko kuwa an san a tsakaninsu cewa ba ya neman canji. Mu ma haka muke yi wa yaran da muke aika. In kin ba ɗanki 500 ya sayo attaruhu, ya yi ciniki aka rage masa 50, ya soke a aljihu bai faɗa ba, me za ki kira shi?

Amma fa kada mu yi saurin rufe bakin masu cewa gumi ne, domin suna da hujja. Wa ya tsaya a rana yana shanya kauɗa? Wa ya tashi da asuba ya tace waken suya? Da ba don hannunta ba, kuɗin da ranar Laraba sun ƙare. Sannan suna da wani tsoro na gaskiya, wanda wata ta faɗa a wurin ba kunya: “In na gaya masa, mako mai zuwa zai zabge kuɗin ne.” Akwai mazan da haka suke. Akwai kuma matan da wannan ɗan ɓoyon shi ne ya biya kuɗin allura da tsakar dare lokacin da maigida ba ya gari.

Wasu sukan kawo labarin Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan cewa ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta, Annabi (SAW) ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai wadace su bisa al'ada. Amma a lura, ita ƙarancin abinci ta kai kuka, kuma iyakar da aka sa mata ita ce wadata. Wadda abinci ya isa har ya ragu ba ta cikin wannan hali.

Ni a ganina mafita ba ita ce a dinga kai lissafin naira biyar-biyar kowane dare ba, wannan zai mai da aure shago. Magana ɗaya ce ake yi, sau ɗaya, a lokacin da rai yake sanyi: “Maigida, in Allah Ya sa na rage wani abu daga cefane ba tare da an tauye kowa ba, ka bar mini?” Yawancin maza kunyar cewa a'a za su ji, wani ma daɗi zai ji ya san akwai abin taɓawa a gidan ranar da ta ɓaci. In ya ce e, daga ranar kuɗin ya zama naki fes, ki yi adashi, ki yi zumunci, ki yi sadaka. In ya ce a'a, to ki mai da ragowar cikin tukunya: kwalbar man gyaɗa, mudun wake, ƙwai ga yara. Haƙƙinsa bai hau kanki ba, 'ya'yanki ne kuma suka ci. Wanda zai zabge kuɗi don an faɗa masa gaskiya kuwa, shi ya koya wa matarsa ɓoyo, kuma shi ma akwai tambaya a kansa, tunda aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa kowa ciyarwa gwargwadon abin da Allah Ya hore masa, ba gwargwadon wayon matarsa ba.

Waccan baiwar Allah mun haɗu da ita bayan mako uku. Ta ce sai da ta kwana biyu tana juya maganar kafin ta iya furtawa. Da ta faɗa, ya yi shiru, sannan ya tambaye ta nawa ne. Ta faɗa masa. Ya ce na baya ya yafe, na gaba kuma a raba biyu, rabi nata, rabi a ajiye na buhun gero da kaka. Ta ce ita dai rabin ya yi mata kaɗan, har yanzu suna kan ciniki.