Wane ne ɗan gari a Abijan?

Mai yawon buɗe ido yakan so ya ga Abijan kamar ɗan gari: ya ratsa kasuwar Ajame, ya ci garba a bakin titi. Galibin masu sayar da wannan aceke da soyayyen kifi Hausawan Nijar ne, ƙasar da samarin Buza, Keita da Madawa ke bari bayan girbi. Duk da haka, dokar 1990 ta ɗora musu katin zama, sai 2007 aka soke shi. Abin da baƙo ke saye cikin kwana uku, shekara ashirin ta gumi ba ta ba su ba. Mai tafiya da ɗansa kuwa nauyinsa ya fi: yaron da ya tashi a Abobo, ranar da ya sauka Buza, shi ake nuna wa hanyar rijiya.