Guzurin Mai Tafiya Dundaye

A kwanakin da ake shirin buɗe jami'a, duk wanda ya shiga wasu gidaje na Gandi zai tarar da irin hidimar da ba a cika gani ba sai lokacin biki ko tafiyar alhazai, domin uwa tana can tana dakan yaji da suyar ƙuli-ƙuli, tana ɗura man gyaɗa a kwalba, tana auna garin rogo da shinkafa, uba kuwa ya kai ragon da ya daɗe yana kiwo kasuwa don ya haɗa kuɗin rajista, shi kuma ɗalibin yana ta safa da marwa tsakanin gida da shagon masu kwamfuta, yana fargabar kada gadajen ɗakin kwana su ƙare bai samu ba. Duk wannan guzuri ne, kuma mai hankali ba zai raina shi ba, tun da shari'a ta umurce mu da riƙon sababi, tawakkali kuwa bai taɓa zama hujjar wanda ya fita da jaka wofi ba. Amma akwai guzuri guda wanda ba a auna shi da tiya, shi ne kuma na ga mun fi yi wa sakaci, watau niyya.

Abin da ya jawo ni ga wannan mas'ala ya faru ne a zauren gidanmu. Ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatun aikin gona a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Dundaye, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sa mata sunan Shehu a 1988, ya zo yin sallama da kakansa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, mi za ka biɗa can Dundaye?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, takarda zan samo, in sami aiki, in ɗauke muku nauyin gida." Tsohon ya yi masa addu'a, amma na ga alamar damuwa a fuskarsa, na kuwa san dalili, domin shi a ganinsa karatun da aka nufi albashi da shi fatauci ne kawai, ba ya shiga cikin neman ilimin da ake wa alkawarin lada.

Damuwar tsohon tana da asali mai ƙarfi, bai kamata a yi gaggawar ture ta ba. Da hadisin niyya Imamu Buhari ya buɗe Sahihinsa, da shi kuma Nawawi ya fara Arba'una, Zarnuji kuwa a cikin Ta'alimul Muta'allimi, littafin da ɗaliban zaure suka saba da shi, fasali guda ya keɓe wa niyyar ɗalibi, kuma malamai tun dā suna tsoratarwa game da mai neman sani don jayayya, ko riya, ko jawo fuskokin mutane gare shi. Wanda kuma ya tashi a wannan ƙasa tamu, kusa da Wurno inda hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837 yake, ya tashi ne yana jin labarin yadda Shehu ya bi Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, da yadda Abdullahin Gwandu ya rubuta littafi sukutum don lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, da yadda matan 'Yan Taru suke tasowa daga ƙauyuka a ƙafa, jaji, watau shugabarsu, tana gaba, su je wurin Nana Asma'u, alhali babu ko ɗayansu da wani albashi yake jira a ƙarshen tafiya. Wanda ya auna jikansa da wannan ma'auni, dole ya ga kamar an sami tawaya.

Duk da haka, bayan na juya maganar a raina, ban ga yaron ya yi kuskure a inda kakansa yake zato ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya lissafa likitanci da lissafi, har da noma da saƙa, cikin farillan kifaya, watau abin da in al'umma duka ta bari, laifin ya hau kan kowa, har ma ya koka da yadda garuruwan Musulmi suke cika da masu zurfafawa a saɓanin fiƙihu alhali ba su da likita nasu. Shi kansa Bello, duk da nauyin mulki da tsaron ribaɗi, ya yi talifi a kan maganin basur da ciwon ido. To, mu da muke da madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima wadda ba ta wadatuwa daga masu sanin ban ruwa, mu da albasarmu take ruɓewa a rudu kafin kasuwa ta yi kyau, mu da mace mai naƙuda takan sha wahalar hanya har Sakkwato, mu da garinmu Gandi ya karɓi 'yan gudun hijira tun harin da aka kai Tabanni a 2018, ta yaya za mu ce wanda ya tafi koyon abin da zai toshe ɗaya daga cikin waɗannan kafofi ya fita daga ibada? Ciyar da iyaye matalauta kuwa, a mazhabar Malikiyya, wajibi ne a kan ɗa mai hali, saboda haka wanda ya nufi sauke wajibi da karatunsa, niyyarsa tana da madogara.

Inda na sami abin tsoro a maganar yaron shi ne kalma guda, "takarda". Mun manta cewa cikakken sunanta takardar shaida, shaida kuwa a shari'a abu ne mai nauyi. Ijazar da malami yake ba almajirinsa a dā, shaida ce cewa wane ya karanta littafi kaza a gabana, ya fahimta, ya cancanci ya karantar. Digiri ma haka yake, jami'a ce take shaida wa duniya cewa wannan mutum ya san abu kaza, a amince masa. Wanda ya samo ta da satar amsa, ko da toshiyar baki, ko da haddar kwana biyu wadda take zubewa a ƙofar ɗakin jarrabawa, ya ɗauko shaidar zur ne ya rataya a bangon ɗakinsa, duk abin da ya ci da ita akwai shubuha a ciki, cutarwar kuma ba a kansa za ta tsaya ba, za ta faɗa kan majinyacin da ya miƙa masa hannu da manomin da ya bi shawararsa. Wannan ita ce ɓatacciyar niyyar da ta dace mu ji tsoro, son alamar ilimi ba tare da ilimin ba, kuma tana iya samun mai karatun Larabiyya kamar yadda take samun mai karatun boko.

Na kuma yarda cewa niyya ba ta zuwa tatacciya. Saurayi ɗan shekara 19 yana son ilimi, yana son suna, yana son ranar da zai dawo gari da mota, duk a zuciya ɗaya, in kuwa aka ce sai ta tsarkaka sarai zai fita, to, ba zai fita ba har abada. An ma ruwaito daga magabata cewa wasu sun soma nema don wata manufa, ilimin da kansa ya gyara su a hanya. Zarnuji ya ambaci cewa malaminsa yakan jinkirta fara sabon darasi sai ranar Laraba. Kalandar jami'a ba ta jiran Laraba, amma na fahimci cewa mutanen dā suna girmama farawa, suna tsayawa a bakinta kafin su shiga, mu kuwa tsarin zangon karatu ya ba mu irin wannan ƙofa sau biyu a kowace shekara.

Da asubar ranar tafiya, muna tsaye a tasha ana ɗaure kaya a bayan mota, na ce wa ɗan ƙanwata, "Ka faɗa mini mutum ɗaya da karatunka zai amfana, ban da kai." Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba, sa'an nan ya ce, "Kawu, bara rabin albasar Baba ta lalace kafin a kai kasuwa, ina so in san dalili." Tsohon, wanda ya dogara sandarsa ya biyo mu ba mu sani ba, ya kwance bakin rawaninsa, ya ciro 'yan kuɗin da ya ƙulle, ya danƙa masa, ya ce ya sayi alƙalami. Direba ya kira fasinjan Rabah da Sakkwato, yaron ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu.